Rumfar da Ya Bari a Djougou

Ina tsugune ina shanya nama a kan gadon kara, rana ta fara zafi, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Hannuna duk labun kilishi ne, sai da na goge a gefen riga kafin na ɗauka. Muryar Malam Yakubu ce, kawun matar yaron, daga Djougou.

Ya ce, "Malam Garba, sai haƙuri. Habu ya riga mu. Zazzaɓi ne, bai daɗe ba. Yanzu muka dawo daga maƙabarta."

Na yi salati, na yi masa godiya, na kashe wayar. Sauran naman yana cikin tasa, kuma nama ba ya jira. Na ƙarasa shanya shi, sannan na shiga gida na gaya wa uwarsa.

Tun da na dawo Konni abokai suke tambayata yadda na ga ƙasar Benin. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a bakin kasuwa, kuma akwai wuraren da murya take ƙin fita, shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai yi nisa ba, a yi mini uzuri.

Yaron ɗan fari ne. Kun san al'adarmu: ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cewa nawa ne a gaban mutane ba. Da ya tafi Benin ya yi aure can, abin da na sani kawai shi ne yana harkar gora. A wurinmu gora sanda ce ta makiyayi, don haka na ɗauka sanduna yake sayarwa. Idan ya zo salla yakan zauna nesa kaɗan yana kallona ina gashi, ni kuma ba na tambaya. Da aka share makoki na ce zan je in ga kabarin, in gai da surukai. Uwarsa ƙafa ta hana ta tafiya. Da za ta miƙo mini ƙullin kilishin da zan kai tsaraba, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka gano abin da yake yi can, ka zo ka gaya mini."

Daga Konni zuwa Dosso, daga Dosso zuwa Gaya, babu abin faɗi sai zafi. A Gaya gadar kan iyaka a rufe take, sai kwale-kwale. Ni da ban taɓa hawa ruwa ba, na zauna a tsakiya na rungume ƙullina. Wata mata mai albasa da ke gefena ta shaƙi iska ta ce, "Baba, ko dai ka kwance ƙullin nan, ko mu ce wa mai jirgi nauyinka ne ya yi yawa." Aka yi dariya. Na kwance. Kafin mu taɓa gaɓar Malanville tsarabar surukai ta ragu sosai, amma tsoron ruwan ya tafi.

A can wani matashi mai kaki ya karɓi katina ya tambayi abin da ya kawo ni. Na ce ta'aziyya. Ya ce ta wa? Na ce ta wani yaro ne na gidanmu. Ya miƙo mini katin da hannu biyu.

Hanyar Parakou doguwa ce. Yashi ya ƙare, ƙasa ta koma ja, itatuwa suka yi ta ƙaruwa. Na ga kunyar doya kamar ƙananan rumbuna, na ga mata suna tuƙa babur da yaro a goye, ba mai ko waiwayarsu. A tashar Parakou na hau ɗan acaɓa, su zem suke ce musu. Ya miƙo mini hular kwano ya ce dole ne. Na ɗora ta a kan hulata, ta ƙi zama. Na cire tawa na riƙe a baki don hannuwana suna riƙe da kaya. Haka na isa unguwar Guéma, ƙofar gidan Alhaji Idi mahauci, mutumin Konni ne da muka taso tare. Ya fito ya gan ni, dariya ta zo masa, ya tuna abin da ya kawo ni, ya haɗiye ta. Muka rungumi juna.

Ya sauke ni a ɗakin baƙi kusa da zaure. Aka kawo sakwara da miyar gyaɗa da wagasi, wato cukun Fulani da suke rinawa ja da karan dafi. Sakwarar ta liƙe mini a yatsu, na yi ta fama, matarsa tana leƙowa tana cewa a jiƙa wa baƙo hannu. Wagasin kuwa, ban taɓa cin abin da ya kama miya kamarsa ba.

Da safe Idi ya ce in raka shi wurin sana'a. Muna karya kwana na tsaya. Rumfa ce doguwa ta gora, rufin ciyawa, mahauta suna aiki a ƙarƙashinta. Gorar ba irin tamu ba ce, kaurinta ya kai cinyar mutum, launinta kamar zuma, tana sheƙi kaɗan. Na kai hannu na shafa. Santsi, kuma da sanyi, alhali ƙofar ƙarfen shagon da ke kusa ta riga ta ɗau zafi.

Idi ya ce, "Yaushe kake jin aka yi ta?"

Na ce bara.

Ya ce, "Kafin a haifi autana, ga shi can yana lakwal, har ya shiga boko. Aikin Habu Gora ke nan."

Haka suke kiransa, da ƙarfi, kowa da kowa. Sunan da ban taɓa furtawa ba, a Parakou har masu wanke hanji sun san shi.

Idi ya nuna mini rumfar maƙwabcinsa da wani ya yi. Gorar ta yi fari fat kamar ƙashin da ya kwana biyu a juji, ta tsage daga sama har ƙasa. Ya ce rana ce. Ita gora ruwa da gara suna cinta, amma rana ta fi su, domin gefe ɗaya take dukanta kullum, gefen ya bushe ya ja, ɗayan bai ja ba, sai ta fashe. Sai ya ce in duba tasa da kyau. Babu ƙusa ko ɗaya a ginshiƙan. Kowanne yana zaune a kan dutse mai ɗan rami, samansa an ɗaure da igiyar roba ta tsohuwar taya, kuma a jikinsa akwai ɗan tsagi da wuƙa, daidai idon mutum.

"Duk tsayuwar wata," in ji Idi, "mutum biyu su ɗaga kan da gwafa, ɗaya ya murɗa ginshiƙin kaɗan. Gefen da ya sha rana ya koma inuwa ya huta. Tsagin nan shi ke nuna maka inda ka tsaya. Da can Habu ne yake bugo waya, ko gaisuwa ba ya gamawa sai ka ji, Alhaji, an juya? Yanzu mu muke tuna wa juna."

Wani mai fiɗa ya ɗago ya ce, "Farkon da ya ce mu riƙa juya rumfa kamar tsire, mun ce yaron nan ya sha rana. Ga mu nan muna juyawa."

Na tambayi abin da ke sa ta sheƙi. Idi ya ce wannan sai Madam Selestin, ita ta iya haɗin. Wata mata ce Kirista mai gidan abinci a bakin babban titi. Na ɗan ja da baya a ƙofa, domin na ga kwalabe a kan tebura, amma Idi ya ja ni. Duk filin gidan gora ne, shinge da rumfuna da kujeru. Da Idi ya gaya mata ko ni wane ne, sai ta ajiye ludayi, ta durƙusa, ta kama hannuna tana kuka tana Faransanci. A wurinmu mace ba ta kama hannun baƙo, kuma ba a yi wa uba kuka a fuska. Na tsaya kawai na bar mata hannun.

Da ta natsu ta ɗauko wata tukunya. Man kaɗe ne aka narka da kakin zuma, aka zuba jar ƙasa da aka tankaɗe har ta yi laushi. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Papa, mai shi kaɗai, rana tana wuce shi. Jan ƙasa shi ne riga." Ta ce ba a shafawa da tsakar rana, sai da la'asar, lokacin da gorar take da ɗumi, tana sha. Ta nuna mini wani ginshiƙi a bayan kicin da ƙanenta ya shafa wa verni, man sheƙin katako na kanti, don ya burge ta. Ya ɓare yana lilo kamar saɓar maciji. Ta ce da yaron ya gani dariya ya yi, ya ce a bar shi a nan don masu gardama.

Na tafi da gwangwani ɗaya na haɗin, ta ƙi barina in fita sai da shi.

Zuwa Djougou taksi muka shiga, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, da akuya a but ɗin mota. Surukaina tsofaffin mutanen garin ne, kakanninsu fataken goro ne da suka yada zango a nan suka zauna. Zugu suke ce wa garin. Hausarsu da yaren Dendi a cakuɗe take, kuma gaisuwarsu ba ta ƙarewa: a durƙusa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a yi ta amsawa da ƙaramar murya har sai gwiwa ta gaji. Malam Yakubu ya kai ni maƙabarta tun kafin in sha ruwa, don na roƙe shi. Wani ya kafa guntun gora a wajen kan kabarin, an shafe shi da jan man nan. Na yi addu'a. Ba zan ƙara komai a nan ba.

Matar yaron, Salamatu, tana takaba, ba ta fita. Kuma ni suruki ne, ba ma haɗa ido. Aka sa mini tabarma a ƙofar ɗakinta, tana bayan labule, kakarta Iya Azumi ta zauna a tsakani tana kai magana tana kawowa. Na yi mata gaisuwa, Iya ta maimaita. Ta amsa, Iya ta maimaita. Can tsohuwar ta ce, "Ku biyun nan za ku kashe ni. Ka ji ta, ta ji ka, labulen ma ya ji, amma sai na faɗa."

A nan Salamatu ta ce akwai abin da ke hana ta barci. Ya bar aiki a tsaye. Rumfar Hajiya Mero ce, mai abinci a inda manyan motoci ke tsayawa, kuma ita ce mafi girma da ya taɓa ɗauka. Ya rufe ɓangaren gabas ya shafe shi, ciwo ya kama shi kafin ya ƙarasa na yamma. Abokan aikinsa biyu sun tafi tsintar kashu da suka ga ba shi. Ga bazara. Ta ji an ce ɗan Hajiya yana so a rushe a sa ƙarfe da kwano.

Washegari na je. Daga nesa na gane ta. Rabi zuma, rabi ƙashi. Ɓangaren gabas mutane ne cike suna cin abinci a inuwa, rufin ya yi sama kamar na masallaci, gorori sun haɗu a ƙololuwa kamar yatsun hannu biyu. Na daɗe ina kallon saman nan. Ban san yadda mutum zai tsara abu haka a kansa ba. Ɓangaren yamma kuwa ginshiƙai ne tsirara a rana, sun yi fari, wasu sun riga sun tsage.

Hajiya Mero ta yi mini ta'aziyya, ta sa aka kawo mini wasa-wasa, wani dambu ne baƙi na garin doya, da mai da yaji. Ina cikin ci, rana tana tsaka, sai muka ji tas! kamar an harba bindiga. Wani direba ya zubar da ruwansa. Ginshiƙi ne ya ƙara fashewa.

Ɗanta Nuhu, mai walda ne, ya taso daga benci ya ce, "Kin ji ko, Hajiya? Rumfarki tana gaishe ki. Ni ƙarfena ba ya magana."

Ta ce, "Ƙarfenka tanda ne. Ka taɓa tsayawa a kan tukunya a ƙarƙashin kwano?" Sai ta juyo gare ni. "Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ina son aikin Habu. Amma ba zan zaunar da mutane kusa da abin da ke fashewa ba. In ta ci gaba haka, ran Juma'a zan ba Nuhu izini."

Na ji bakina ya ce, "Ki ba ni zuwa Juma'ar." Ni da ban taɓa ɗaure ko rumfar akuya da gora ba.

Nuhu ya ce, "Baba, sana'ar me kake yi?"

Na ce kilishi.

Ya ce, "To, ai ta riga ta bushe, saura yaji."

Na koma bakin labule. Salamatu ta ce waɗanda suka tsage har ƙasa ba su da magani sai canji, kuma yaron ya riga ya sare na canjin, suna jiƙe a rafi a ƙauyen Onklou wurin wani manomi. Ana nutsar da gora a ruwa ne don zaƙin cikinta ya fita, ƙwari su ƙi ta. Malam Yakubu ya goya ni a babur, muka bi hanyar daji har bayana ya sage.

Manomin dattijo ne, yaren Yom kawai yake ji, Malam Yakubu ne tafinta. Ya bi da mu ta cikin kurmin gorar. Abokaina, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ta fi hasumiyar masallacinmu tsawo, ta haɗe a sama ta rufe rana, ciki duhu-duhu da sanyi, idan iska ta taɓa ta sai ka ji tana ƙara kamar ana buɗe tsofaffin ƙofofi. Na cire takalmina ban san dalili ba.

Rafin ya kusa ƙafewa. Dattijon ya nuna mana wani gurbi mai zurfi inda ya danne gororin da duwatsu. Ya ce da ruwa ya ja baya, shi da kansa ya yi ta jan su zuwa nan, yana jiran mai su, ya ga ya daɗe. Ashe bai ji ba. Malam Yakubu ya gaya masa. Ya cire hularsa ya zauna a kan dutse, ya daɗe, sannan ya tambayi ko ni wane ne. Malam Yakubu ya faɗa masa. Sai ya shiga ruwan ya fara ɗaga duwatsun.

Warinsu kamar jima. Mai keken kaya da ya kwaso mana su ya ɗaure hancinsa da ƙyalle har Djougou.

Da suka tsane, Salamatu ta ce saura wuta, kuma wutar ce ba wanda ya iya sai shi. Ana bi da gorar a kan garwashi har ta yi gumi, man jikinta ya fito, a goge shi ya koma ciki, fatar ta yi tauri. In wuta ta yi yawa ta ƙone, in ta yi kaɗan aikin banza. Na ce to wa za mu samu? Sai ta yi magana ƙasa-ƙasa, wannan karon Iya Azumi ba ta yi wasa ba da ta maimaita.

"Ta ce, shi ya ce a wurinka ya gani. Ya ce yadda Baba yake gasa kilishi ne: ba a barin harshen wuta ya taɓa, ba a barin hannu ya tsaya, kuma hanci ne yake gaya maka, ba ido ba."

Na tashi na ce a kawo gawayi.

Gorar farko ta ba ni kunya. Na haƙa dogon rami a tsakar gida, garwashi ya yi ja, na ɗora ina juyawa, ina jin hannuna ya gane aikin. Sai ga wata ƙara, bam! Gaɓar ta fashe, toka ta tashi, hulata ta faɗa cikin kwatami, kaji suka watse. Iya Azumi ta yi dariya har da hawaye. Daga bayan labule Salamatu ta ɗaga murya, ta manta da tafinta: "Baba, ba a huda ba! Sai an huda gaɓoɓin ta ciki, iska ta samu hanya!"

Rodi ake bukata mai tsawo, kuma a unguwar mai rodi ɗaya ne. Nuhu ya zo da shi a kafaɗa yana cewa ya zo kallon yadda ake gasa rumfa. Shi ya huda su duka. Na ɗora ta biyu. Na juya, na juya, sai ga gumin ya fito ƙanana-ƙanana kamar a goshin jariri, ƙanshi ya canza daga na ɗanyen haki zuwa wani abu kamar rake a wuta. Na ɗauke, na goge da tsumma. Inda na goge ya fito launin zuma. Launin da na shafa a Guéma ne, ba bambanci.

Nuhu ya matso ya duba. Can ya ce, "Baba, kawo in riƙe maka ƙarshen."

Amma Salamatu ta ce ba za a kafa su yanzu ba. Sai sun kwanta a inuwa sun bushe a hankali, makonni, in ba haka ba rana za ta fasa su kamar na farko. Muka jera su a zauren Malam Yakubu a kan duwatsu. Abin da ya rage shi ne a tsare waɗanda ke tsaye kada su ƙara lalacewa. Da la'asar muka je da gwangwanin Madam Selestin da ƙarin da Iya Azumi ta dafa. Muka kankare farin da ya mutu, muka shafa man tun gorar tana da ɗumi, na ga tana sha kamar ƙasar da ta daɗe ba ruwa. Masu ƙaramin tsagi muka ɗaure su da roba. Nuhu da wani direba suka ɗaga da gwafa, ni na murɗa kowane ginshiƙi, bayansa ya koma gaba. A kan kowanne na tarar da ɗan tsagin wuƙar, yaron ya riga ya yi shi, daidai idonsa. Ya fi ni tsawo, sai na ɗaga kai. Daga ƙarshe muka rataya zana da tsofaffin buhuna ta yamma, suka tare rana. Ba kyau a ido, Hajiya ta ce rumfarta ta zama mai jinya.

Ranar Alhamis da ranar Juma'a na zauna a wurin tun hantsi. Ba na jin hirar da ake yi, kunnena yana kan gora. Rana ta take, ta karkata, ta zo ta daki buhunan. Ba mu ji komai ba. Da muka sauko daga masallaci Hajiya Mero ta zagaya ta taɓa ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya, ta dawo ta tsaya a gaban ɗanta.

Ta ce, "Nuhu, ƙarfenka ka yi wa wani ƙofa da shi. Zan jira Salamatu ta fita takaba ta kira abokan aikin Habu."

Ya ce, "Ni dama rodina kawai nake so a mayar mini."

Wani direba da ya zo daga arewa, bai san komai ba, yana wanke hannu yana kallon saman ɓangaren gabas. Ya juyo ya gan ni da jan mai har gwiwar hannu, ya ce, "Baba, kai ka yi wannan?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To wane ne? Ina so a yi mini irinta a gida."

Hajiya ta buɗe baki za ta amsa mini, na riga ta. Na ce, "Ɗana ne. Habu. Ya rasu."

Ban taɓa jin sunan a bakina ba sai ranar. Direban ya yi mini ta'aziyya, na amsa, na ci gaba da goge hannuna.

Ban iya zama har gorar ta bushe ba, domin uwarsa ita kaɗai ce a gida. Na yi sallama a bakin labule, Iya Azumi ta ce wannan karon ba za ta maimaita ba, mu ƙarata. Na biyo ta Parakou, na kwana a Guéma, na sake hawa ruwa a Malanville. Na kawo wa uwarsa guntun gorar da ta fashe mini, wadda gefenta ɗaya ya yi zuma. Na gaya mata duk abin da na rubuta a nan. Ta riƙe shi a cinya tana shafawa, yanzu yana ɗakinta inda rana ba ta shiga.

Da wata ya tsaya na buga wa Hajiya Mero waya, na gaishe ta, na ce an juya? Ta ce an juya. Gororin da na gasa suna nan kwance a zauren Malam Yakubu. Salamatu ba ta fita takaba ba tukuna, kuma ɓangaren yamma har yanzu buhuna ne a rataye, ba a rufe shi ba.